Ranar da Na Zauna wa Beatles Jarrabawa

'Yar yayata ce ta jawo mini. Ta dawo hutu daga jami'a da wani gwajin halin ɗan'adam a wayarta, wai shi Myers-Briggs. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers ne suka tsara shi bisa littafin Carl Jung na 1921, suka kasa mutanen duniya kaf gida 16, kowa da haruffansa huɗu kamar lambar mota. Na amsa tambayoyin, aka ba ni ISTJ: mai son tsari, mai gudun hayaniya. Uwargida ta ce wannan ai ko akuyar gidan nan ta sani.

Da yake tun zamanin kaset nake jin Beatles, sai na ce bari in auna samarin nan huɗu na Liverpool. John da George sun mutu, Paul da Ringo ba su san da zamana ba, don haka ni na zauna musu jarrabawar.

Na fara da George Harrison, wanda 'yan jarida ke kira mai shiru-shiru, ina cewa nan ne sauƙi. Sai na tuna ƙungiyar na watsewa a 1970 ya saki All Things Must Pass, faifai uku cur a kwali ɗaya. Ashe John da Paul ne suka tare ƙofa, galibi waƙa ɗaya ko biyu suke bar masa a faifai. To mutumin da aka hana magana, a wane gida za ka sa shi?

Ringo mai barkwanci kuwa shi ya fara yin yaji a 1968. Sai da aka yi biko, ya dawo ya tarar an lulluɓe gangunansa da furanni. A shekarar ne ya bi su Indiya neman natsuwa da akwati cike da gwangwanayen wake, don cikinsa ba ya jure abincin can, kuma ya riga kowa gudowa gida.

Da aka tambayi Paul, wato ni, ko yana tsara tafiya kafin ya tashi, na danna "ƙwarai". Yarinyar ta leƙo ta ce, "Kawu, ba shi ka ce ya je Legas ɗaukar waƙa a 1973, ya fita yawon dare a ƙafa 'yan fashi suka ƙwace masa kaset ba?" Na ce ta koma gefe, manya na aiki.

Sakamako ya fito. George ISTJ. Ringo ISTJ. Paul ISTJ. John Lennon, wanda ya yi mako guda kwance a gadon otal a Amsterdam a 1969, 'yan jarida zagaye da shi, wai yana kiran zaman lafiya, shi ma mai gudun hayaniya ne!

"Kawu, ai kanka ka auna sau huɗu."

Uwargida ta fizge wayar, ta ce ni ban san mutane ba. Ita da ba ta iya bambance John da Ringo ko a hoto, ta zauna musu ita ma. Duka huɗun suka fito ENFJ, irin nata sak. Muna cikin musun wa ya fi sanin George sai ƙaurin tuwo ya iso falo. A daren nan burodi da shayi muka ci, kuma an yanke hukunci cewa laifin Beatles ne da mai jin su.