Masu Naɗin Madugu da Baki

A birnin Cleveland na jihar Ohio, can bakin tafkin Erie, akwai wata riga da ta fi yawancin masu sa ta suna. Asalinta rigar Tim Couch ce mai lamba 2, yaron da ƙungiyar Browns ta fara ɗauka a 1999 domin ya zame mata kwatabak. Da abin ya ƙi, sai wasu masu barkwanci suka soke sunansa a bayan rigar, suka manna na magajinsa a ƙasa. Shi ma aka soke, aka manna wani. Haka aka yi ta yi har sunaye suka zarce gindin riga suna reto kamar jelar bindi. Zuwa 2025, waɗanda suka taɓa riƙe wannan matsayi a Browns tun daga Couch sun haura 40.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, wannan da ake yi da hular kwano ana ture-ture, kwatabak shi ne madugu uban tafiya. Hannunsa ƙwallo ke fara shiga a kowane farmaki, shi ke karanta tsaron abokan karawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya jefa ko ya miƙa, kafin ƙattai su danne shi. Ƙungiyar da ta dace da nagari sai ta huta shekara goma sha. Tom Brady shekara 20 ya yi a New England. Ita kuwa Browns rabonta da kofi tun 1964, kuma ba ta taɓa buga wasan Super Bowl ba. Wasannin kakar ma 17 ne kacal, daga Satumba zuwa farkon Janairu. Saura wata takwas a yi me? A yi gardama. Ni a ganina gardamar nan ita ce ainihin kakar wasa a Cleveland, abin da ake yi a fili ɗan share fage ne kawai. Kuma tana da 'yan wasanta, kowa da lambarsa.

Wanda ke zama a kujerar tsakiya shi ne dattijo mai "a da". Ko wa ka ambata, sai ya gyara zama ya ce, "Yaro, ka ga Kosar?" Bernie Kosar yake nufi, ɗan jihar da ya ja ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1980, mai jifa a karkace kamar mai watsa wa kaji tsaba, amma ƙwallo ta isa inda aka aike ta. In ka yi gangancin tuna masa cewa Kosar ɗin bai kai su Super Bowl ba, to ka taɓo tsohon miki. Zai ba ka labarin Janairun 1987, yadda John Elway na Denver ya taso daga yadi 98 ya farke ci ana dab da tashi, sannan labarin shekarar da ta biyo, da ƙwallo ta suɓuce wa Earnest Byner saura taku kaɗan ya shiga. Yana faɗa yana dafe ƙirji kamar jiya aka yi. In ya ga ka fara jin tausayi sai ya ƙara ja da baya zuwa Otto Graham, wanda ya buga wasan ƙarshe sau goma cikin shekara goma, ya ci bakwai. Bai ga Graham da idonsa ba, mahaifinsa ne ya gani, amma a gidansu gado ne kamar gona. Suna ɗaya ne ba a kama wa a gabansa: Art Modell, mai ƙungiyar da ya kwashe ta zuwa Baltimore bayan kakar 1995, ya bar garin shekara uku babu ƙwallo. In dole ta kama sai a ce "mutumin nan".

Kusa da shi akwai sarkin ihu bayan hari, Malam Ai-na-faɗa. Shi tun a 2017 ya san Patrick Mahomes zai zama abin da ya zama, amma shugabanni suka ƙi ji. Wa ya gaya wa a lokacin? Sai ya ce matarsa shaida ce, matar kuwa ta shige kicin. Ya san Josh Allen, ya san Lamar Jackson, duk a zaɓen 'yan wasan jami'a na 2018. Babban makaminsa shekarar 2000: Browns ta ɗauki wani Spergon Wynn a lamba ta 183, New England ta ɗauki Brady a ta 199. Yana faɗin wannan da alfahari kamar shi ya raka Brady tasha. Abin da ba ya so a tono shi ne akwatin da ke ƙarƙashin gadonsa, inda rigar Johnny Manziel take a ninke, wadda ya saya a daren zaɓen 2014 yana rantsuwa an samu mai ceto. Manziel kaka biyu ya yi aka sallame shi.

Sai masoyin ɗan benci, kuma shi ne ya fi kowa yawa. Aƙidarsa guda ce: gwani na zaune, an bar maras hannu a fili. Da madugu ya jefa ƙwallo ɗaya ta faɗa hannun abokan gaba, sai ka ji ya fara kiran sunan na biyu. Ba ya tambayar kansa me ya sa masu horarwa, da ke ganin yaron kullum a wajen atisaye, suka ajiye shi. Kallon kitse yake wa rogo, kuma ba ya dandara, domin sau biyu rogon ya yi maiƙo. Na farko a Satumban 2018: kwana 635 ƙungiyar ba ta ci wasa ba, Tyrod Taylor ya ji ciwo, Baker Mayfield ya taso daga benci suka doke New York Jets, har aka buɗe firji-firjin giya da wani kamfani ya garƙame a mashayu da alkawarin ba za a buɗe ba sai ranar nasara. Na biyu a ƙarshen 2023, lokacin da aka kira Joe Flacco daga gida yana da shekara 38, ya ci huɗu cikin biyar ya kai su zagayen kifa-ɗaya-ƙwala. Flaccon da ya ci wa Baltimore kofi, ya shekara goma yana ba su kashi! Ranar nan babu wanda ya tuna. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutuminmu. Da Houston ta lallasa su 45 da 14, tsohuwar zumar ta jefa biyu a hannun abokan gaba suka ruga da su gida, sai ya waiga ya duba wa ya rage a benci.

To amma duk gardamar da ke sama wasan yara ce in aka zo kan Maris ɗin 2022. A watan ne ƙungiyar ta ba Houston zaɓenta na zagayen farko na shekara uku a jere, da wasu ƙari, ta karɓo Deshaun Watson, ta sa masa hannu kan dala miliyan 230 na shekara biyar, ko ya buga ko bai buga ba. Mayfield kuwa, wanda ya ci musu Pittsburgh 48 da 37 a Janairun 2021, aka sallama shi ga Carolina a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin dariya, ko na kuka, shi ne a 2017 Browns ce ke da lamba ta 12, ta sayar wa Houston, Houston ta ɗauki Watson da ita. Wato akuyar da ka sayar a ƙofar gida ka bi ta kasuwa da kuɗin raƙumi.

Wannan ciniki ya haifi lauyan Mayfield, mutumin da jikinsa ke Cleveland, zuciyarsa na Tampa Bay, inda Mayfield ya koma daga baya. Ranar Lahadi talabijin na nuna Browns, wayarsa na nuna Mayfield. Kowace ƙwallo ya ci sai ya ɗaga wayar sama ba tare da ya ce uffan ba, ya zagaya da ita kamar mai karɓar gudummawa. A 2024 sau 41 ya ɗaga. An saki reshe an kama ganye, shi ke nan hudubarsa. Ya manta, ko yana so a manta, cewa a 2021, lokacin da Mayfield ke wasa da kafaɗa a goce, muryarsa ta fi ta kowa wajen cewa yaron gajere ne, talla ya iya ba wasa ba.

Ya kuma haifi akanta. Wannan ba ya kallon wasa, lissafi yake kallo. A gasar akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi a shekara, kuma in ka kori ɗan wasa kuɗin da ka lamunce masa ba ya gushewa daga littafinka, sunansa ma mataccen kuɗi. Akanta ya haddace wannan babi. Kana cewa "a kore shi kawai", sai ya zaro biro ya jawo takardar goge baki. Zai nuna maka yadda kowace shekara ake tura bashin Watson gaba don a samu na cefane yau, da yadda gobe za ta zo da nata. Tsalle ɗaya ake a faɗa rijiya. Ya raba miliyan 230 da wasanni 19 da Watson ya buga cikin kaka ukun farko, ya faɗi sakamakon a hankali don ya shiga. Gaskiya yake faɗa, sai dai mutum ne da bai san nawa ya rage a asusunsa ba, kuma wata uku ke nan abokinsa na bin sa kuɗin tikiti.

Akwai mai saki. Kowace Lahadi da yamma yakan yanke igiya uku a gaban shaidu: ya cire hula ya jefar, ya ce shi da Browns har abada, ya gwammace ya koma kallon golf. Litinin ba ya magana. Laraba sai ka ji yana tambaya a kaikaice, "Wai yaron nan da ya ji ciwo a gwiwa, ya samu sauƙi?" Lahadi ya dawo ɗakinsa, babu idda babu sabon sadaki. Kada a haɗa shi da waɗanda suka tafi da gaske a 2022. Mata fiye da ashirin ne suka kai ƙarar Watson kan zargin cin zarafi, ya musanta, hukumar gasar ta dakatar da shi wasa 11 da tarar dala miliyan 5, kuma akwai magoya baya, mata da maza, da suka ninke rigunansu suka ajiye ba tare da hayaniya ba. Su ba su cikin wannan jerin, domin ba abin dariya suka yi ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mai addu'ar a sha kashi. A wannan gasa ba a faɗawa rukuni na ƙasa. Wanda ya zo na kashin baya cikin ƙungiyoyi 32 shi ke fara zaɓar gwanin da ya fito daga jami'a a watan Afrilu. Saboda haka da an shiga Nuwamba babu alamar tsira, sai mutumin nan ya juya. Ƙungiyarsa ta ci, ya ɓata rai. "Wannan nasarar banza ta mayar da mu na biyar!" An taɓa biya masa buƙata har ya ƙoshi: wasa ɗaya aka ci a 2016, ko ɗaya ba a ci ba a 2017. Magoya baya suka yi jerin gwano cikin tsananin sanyin Janairu suna zagaya filin wasa don taya kansu murnar sifili, mai horarwa Hue Jackson kuma ya cika alkawarin da ya ɗauka ya tsunduma tafkin Erie. Zaɓen farko da aka samu da wannan sifili shi ne Mayfield ɗin da aka bayar kusan kyauta. Ka gaya masa haka, sai ya ce ai wancan karon ba a iya zaɓe ba ne, a sake faɗuwa a gani.

Mai camfi ba ya ɗaukar lokaci. Brady Quinn a 2007, Brandon Weeden a 2012, Manziel a 2014, dukkansu a lamba ta 22 aka ɗauke su, dukkansu babu labari. Me kuma kake so ya ƙara? Shi dai ba ya wanke rigarsa in an ci, don haka yawancin shekaru tsaf take.

Can gefe, inda hayaƙin gashin nama ke bugun ido, akwai wani mai ƙiba da ba a cika ba shi dama ba. Shi cewa yake matsalar ba madugu ba ce, ayarin ne. A sa kowane yaro a bayan katangar masu tsaronsa da ke yoyo, a canja masa mai horarwa duk bayan shekara biyu, a ba shi sabon littafin dabaru kafin ya haddace na jiya, sannan a ce ya gaza? Yakan kawo Joe Thomas, wanda ya tsaya a katangar daga 2007 zuwa 2017, ya buga farmaki fiye da dubu goma a jere bai fita ba, ya kare bayan kwatabak 20, har yakan tarar da sabuwar fuska a da'irar shawara. Yakan kuma tuna musu cewa Bill Belichick, mai kofi shida a New England, a Cleveland ya fara zama babban mai horarwa, aka yi ta yi masa ihu saboda ya sallami Kosar. In ka tambaye ni, wannan mutum ya fi su duka kusa da gaskiya. Shi ya sa da ya buɗe baki ake aikensa ɗebo gawayi.

A 2025 ƙungiyar ta yi wa majalisar nan gata irin wanda ba a taɓa yi mata ba: Watson na jinyar agara, aka dawo da Flacco, aka sayo Kenny Pickett, aka zaɓi Dillon Gabriel a zagaye na uku, sannan Shedeur Sanders a na biyar. Madugu biyar, ayari ɗaya. Kafin a fara kaka an sayar da Pickett, a Oktoba an tura Flacco Cincinnati, masoyin ɗan benci kuwa muryarsa ta dushe da kiran Shedeur. A Nuwamba aka ba shi abin da yake so, yaron ya fara wasa, aka doke Raiders. Da dare ɗansa ya same shi a falo, fitila a kashe, yana kallon wasan jami'o'i da takarda a cinya.

"Baba, ba naka ne ya ci yau ba?"

"Ya ci," in ji shi, bai ko waigo ba. "Zo ka ga hannun wannan yaron."