Mutum Bakwai a Gaban Jan Rubutun Python

Duk inda aka tara masu koyon rubuta manhaja da Python, ranar farko lafiya lau ake tashi. Rigima sai ranar da aka ce a girka laburare, wato aikin da wasu suka riga suka rubuta, a kira shi da import. A nan halin kowa ke fitowa fili.

Na farko shi ne Matsoraci. Da ya ga jan rubutu ya cika allo, sai gabansa ya faɗi. Ya zaro waya ya ɗauki hoton allon a karkace, ya tura wa abokai: "Jama'a a taimaka, ta ƙi yi." Hoton kuwa ya yanke layin ƙarshe, wanda shi ne gaba ɗayan zancen. Da ya karanta, da ya ga ModuleNotFoundError: No module named 'pandas', ma'ana Python ta nemi pandas ba ta samu ba. Ba tsinuwa ba ce, bayani ne.

Na biyu Ɓataccen Baƙo. An ce ya rubuta pip install, umarnin girka laburare, shi kuwa ya rubuta a cikin Python ɗin kanta, gaban kibau ukun nan >>>. Ta ce SyntaxError. Ya sake. Ta sake. Ya ƙara da manyan baƙaƙe, wai ko ba ta ji ba ne. Umarnin daidai yake, wurin ne ba nan ba: a baƙin allon umarni ake ba da shi.

Na uku Mai Python Huɗu. Ya girka ɗaya daga shafin Python, Anaconda ta zo da tata, ya ƙara ta Microsoft Store, ga kuma wata da ya manta ranar da ta shigo. Yana rantsuwa ya girka numpy, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ya kai cefane ɗakin uwargida, ya je ɗakin amarya yana neman tuwo. Maganinsa python -m pip install, don kayan su sauka a hannun wadda zai kira, sannan ya duba wacce manhajar rubutunsa, VS Code, ta zaɓa.

Na huɗu Mai Raɗin Suna. Yana koyon laburaren random, sai ya raɗa wa fayil ɗinsa random.py. Python kuwa foldar da shirin yake ciki take fara dubawa, don haka fayil ɗinsa ya kira kansa da kansa. Yana da ƙane da ya yarda cewa sunan kira shi ne sunan girkawa. Bai san cv2 a cikin opencv-python take ba, PIL a Pillow, bs4 a beautifulsoup4, sklearn a scikit-learn. Haka zai wuni yana sallama a ƙofar da ba kowa.

Na biyar Kwafi-da-liƙi. Duk umarnin da ya gani a intanet sai ya liƙa, ko na Linux ne shi kuwa yana kan Windows. Bidiyon da yake bi na zamanin Python 2 ne, wadda aka daina kula da ita tun 1 ga Janairun 2020. Idan kuma ya koma Linux, Ubuntu ta ce masa externally-managed-environment, tana nufin ya buɗe keɓaɓɓen wuri da venv, shi kuwa sai ya ƙara sudo, don a ganinsa duk abin da ya ƙi lallami ƙarfi yake so.

Na shida Goge-duka. Matsala ko ta harafi ɗaya ce, hukuncinsa ɗaya: a goge a sake. Ya goge Python, ya goge Anaconda, har Windows bai bari ba. Data ta ƙare, an ɗauke wuta ana tsakiyar sauke TensorFlow. Da komai ya dawo, sai ya danna gaba-gaba da sauri, ya sake tsallake ɗan akwatin nan na saka Python a PATH, wanda tun farko shi ne ya sa kwamfuta ta ce ba ta san pip ba.

Na bakwai Tsohon Hannu, wanda da wata uku ya riga su farawa. Zai leƙo ta kafaɗarka, ya girgiza kai, ya ce: "To, ni dai a tawa tana yi." Ka tambaye shi dalili, sai ya tuna ana jiransa a waje.

Shidan farko ciwonsu ɗaya: ba su karanta abin da aka rubuta musu ba, ba su kuma tambayi wace Python ce ke magana ba. Wanda ya saba da waɗannan biyun ya warke. Sai dai a sa masa ido, don yawancin waɗanda suka warke, kafin sati ya zagayo sun zama na bakwai.