Ranar Da Na Sa Gidan Haya A Aljihu

Ina da wata cuta da babu maganinta a kemis: ba na iya ganin tsiro in ja bakina in yi shiru. Don kawai kakana ya yi suna a noman rogo da dankali, sai na naɗa kaina sarkin duk abin da ke yin saiwa, alhali rabona da fartanya tun ina firamare. 'Yan majalisarmu sun san halina, suna haƙuri da ni. Abin da ya ɓata lissafi shi ne na ɗauki halin nan na tsallaka teku da shi har Maleshiya, inda na je wani ɗan gajeren kwas.

Ranar hutu aka kwashe mu zuwa wani dutse mai duhun daji a jihar Sarawak, tsibirin Borniyo. Kowa ya sa wando da takalmin hawa, ni kuwa na zuba kaftanin shadda mai zurfin aljihu, na kafa zanna-bukar, wai kada a manta daga inda na fito. Muna cikin hawa, hazo na bin mu, sai ga wani reshe da iska ta karyo ya tare hanya. A jikinsa wani dunƙulallen abu ya manne, ya kai dunƙulen hannu biyu, ruwan toka, duk jikinsa gajerun ƙayoyi da 'yan ƙananan huji. Daga samansa wani kakkauran kara ya fito, ganyaye masu kauri sun taru a ƙarshensa. 'Yan fararen furanni sun nutse cikin ramuka a jikin karan, sai ka sunkuya za ka gan su.

Nan take cutar ta motsa. Na dubi wani ƙanina ɗan Gusau da muke tare, na gyara murya na ce, "Ka ga wannan? Kauci ne."

Ya ce, "Yaya, kauci da doya a gindi?"

Na ce, "Kaucin ƙasar waje ke nan, ruwa ne ya yi masa yawa ya kumbura."

Ɗan jagoranmu ya tambayi abin da nake faɗa, aka fassara masa, ya girgiza kai. Ya ce kauci saiwarsa yake cusawa cikin bishiya ya tsotse ta. Wannan kuwa wurin zama kawai yake ara, saiwoyinsa a bayan ɓawo suke riƙe, ba ya shan komai na bishiyar. Sunansa Myrmecodia, dangin itacen kofi ne, tun 1823 aka buga bayaninsa daga aikin wani likita ɗan Sikotilan, William Jack. Ya ƙara da cewa kada kowa ya taɓa. Wannan jimlar ta ƙarshe ce kunnena ya ƙi ɗauka. Na bari suka yi gaba, na ɓalle abin, na jefa aljihu. A raina har na gama shirya kunyar da zan binne shi a bayan gida, da jawabin da zan yi wa majalisa.

Ban yi nisa ba na ji wani abu ya tsunkule ni a cinya. Na daure, don babba ba ya susa a bainar jama'a. Sai na ji a kwiɓi, sai a hammata, sai a wuraren da ba a ambata a jarida. Da na leƙa aljihu, tururuwa ce ke ɓulɓulowa daga hujin nan, ƙanana, amma kowace da nufinta. Hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, na tuɓe kaftani a gaban matan aure 'yan ajinmu, na tsaya daga ni sai singileti ina wata rawa da ko a dandali ba a taɓa gani ba. Ƙanin nan nawa, maimakon ya kawo ɗauki, sai cewa yake, "Yaya, kaucin ne ke tsotso?" Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Garin wurgi abin ya bugi dutse ya tsage, sai ga cikinsa a fili. Ashe ɗakuna ne da lunguna jere. Wasu bangonsu sumul, a nan tururuwar ke ajiye ƙwai da 'ya'yanta. Wasu bangonsu baƙi mai ƙuraje-ƙuraje, a nan take zubar da kashinta da gawarwakin ƙwarin da ta ci, tsiron kuma ya tsotse wannan taki ta ƙurajen. A saman bishiya babu ƙasa, to da wannan yake samun abin da ƙasa za ta ba shi. Mai gidan haya ne da ya gina ɗakuna, yana karɓar kuɗin hayarsa a shara. Kuma ba 'yan hayar ke haƙa ɗakunan ba. Tun 1883 wani masanin tsirrai, Melchior Treub, ya nuna a lambun tsirrai na Bogor da ke tsibirin Java cewa tsiron na yin ɗakunansa ko babu tururuwa ko ɗaya.

Ina tsaye ina tsince su daga gashin ƙafata ɗan jagora ya ƙarasa ni. Ya ce a Fiji akwai ɗan'uwan wannan tsiro, Squamellaria, wanda binciken da aka buga a 2016 ya nuna tururuwa da kanta ke ɗebo irinsa, ta cusa a tsagar ɓawon bishiya, ta zuba masa taki, ta yi gadinsa, kuma kusan shekara miliyan 3 ke nan suna wannan sana'a. Ni da nake tunƙaho da noman kaka ɗaya tak, sai na nemi hulata na yi shiru.

Labari ya riga ni isa masauki. Ana gobe za mu watse, wani abokin karatu ɗan Indonesiya ya miƙo mini ƙunshi yana murmushi. Busassun yanka ne na wannan tsiro, irin waɗanda ake sayarwa a Papuwa, a tafasa a sha a matsayin magani. Na yi godiya ƙwarai, amma hannuwana na baya. Na ce ya ajiye a kan tebur tukuna, sai ya kawo mini shaidar cewa 'yan hayar sun tashi.