Tukunyar Sin a Gidan Gandu

Huoguo abinci ne da mutanen Sin ke dafawa a wurin da za su ci shi. Ana ɗora tukunyar romo a tsakiyar tebur tana tafasa, a jera ɗanyen nama da aka yanka siri-siri, da ganye da awara da taliya. Kowa ya tsoma abin da yake so, ya jira ya nuna, ya tsamo ya dangwala a miyar riɗi. A Sichuan da Chongqing romon ja ne wur da barkono, kuma akan zuba masa wani kayan yaji mai kashe harshe na ɗan lokaci, ɗan uwan fasaƙwarin ƙasar Hausa. A Beijing naman rago ake tsomawa a tukunyar tagulla mai gawayi a tsakiya. Gidan abincin da ya yi fice a kansa, Donglaishun, Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui ya kafa shi a 1903, kuma da wannan hujja ake fara kare kai idan dattawa suka tambayi halascin abin.

Ba kasafai abincin ke shiga ƙauyukan Bichi ko Dambatta ba, sai ta hannun yaron gida wanda ubangidansa na Kantin Kwari ya aika Guangzhou sayo yadi. Yakan dawo da tukunya mai gida biyu, ɗaya na yaji ɗaya na lami, da niyyar yi wa mahaifinsa bikin ranar haihuwa.

Ranar ce matsala ta farko. Abin da gida ya sani shi ne maigida yana rarrafe aka kashe Sardauna a 1966. Katinsa na ɗan ƙasa ya ce 1 ga Janairu, haka na ƙanensa, haka na matansa biyu. Idan aka yi masa bayani yakan ce, "Suna za a sake yi mini?" Yana jin ba shi zai biya kuɗin nama ba sai ya amince.

Kayan haɗi ba su da wuya. Awara tana kowane lungu, taliyar murji ma haka, kabeji da alayyahu na zuwa daga lambunan Watari a Bagwai, riɗi kuwa an tara shi a Dawanau. Mahauci ne ke ba da aiki. A Sin daskarar da naman ake yi a yanka da na'ura. A nan sai a roƙe shi ya yi yankan kilishi, shi kuma ya tambayi inda za a shanya. Tsinken tsire ke maye gurbin sandunan cin abinci.

Babban cikas yana wurin zama. A gidan gandu girki na mai ranar girki ne, maza su ci a zaure, mata a cikin gida, yara a kwano ɗaya, nama kuma babba ke raba shi. Huoguo yana buƙatar a rushe duk wannan a dare ɗaya, a zaunar da kowa a tabarma guda kewaye da kurfoti. Matar ɗan gida ba ta cin abinci a gaban surukinta, don haka takan zauna a gefe ta ja mayafi, ta ba tukunya baya. Mai girki takan ɗauki abin a matsayin ƙorafi a kan miyarta, kuma ba za a ji bakinta ba sai dai ƙarar kwanuka. Goggo ce ke faɗin abin da ke ran kowa: "Yanzu ɗanyen nama za ka ba Yaya?" A wurin mutanen Sin yankan nan bai kai minti guda yake nuna ba. A wurin Goggo naman da bai yi awa a wuta ba yana nan yadda mahauci ya bar shi.

Daga nan abubuwa kan biyo juna da sauri. Iskar hunturu ta kwantar da gawayi, yara su kama fifita, toka ta sauka a romo. Kawu, wanda bai ga dalilin tsoma yanka ɗaya-ɗaya ba, ya juye faranti duka, tafasa ta mutu. Mutanen Sin na cin doguwar taliya ranar haihuwa ba tare da an tsinka ta ba, don fatan tsawon rai. Inna takan kakkarya ta tun kafin a yi bayani, don kada tsoho ya shaƙe. Shi kuwa maigida, da fasaƙwari ya kama masa leɓe, yakan ajiye tsinke ya nemi a kira liman.

Sai maƙwabta. Ƙamshi ba ya tsayawa a danga, kuma duk wanda ya yi sallama dole a ce masa bismillah. Naman da aka auna wa mutum goma sai ya tarar da unguwa.

A ƙarshe mai girki ce ke tashi ba tare da ta ce uffan ba. Ta juye gida biyun a babbar tukunya, ta jefa daddawa, ta tura kara a murhu. Bayan isha'i a fito da farfesu, maza su koma zaure, mata su shige ciki, a ci a ƙoshi. Maigida yakan sa wa ɗan albarka, ya ƙara da cewa baɗi a bar wa uwarsa aikin. Duk mai niyyar gwadawa, ya sa a tuƙa tuwon dawa tun da la'asar.