Kalle Ni Ka Yi

Mu dai a unguwar nan makarantarmu ɗaya ce: "Kalle ni ka yi." Da ita ake koya wa yaro alwala, da ita yarinya ke koyon tuƙin tuwo, da ita kafinta ke nuna wa yaron shagonsa riƙon zarto. A nuna maka sau ɗaya, a sake, na uku sai ranƙwashi. In ba ka ɗauka ba, an gama shari'arka: ko taurin kai, ko daƙiƙanci. Idan kuwa yaron mai galahanga ne, wanda ba ya son haɗa ido kuma yana yawan kaɗa hannu, likitocin bakin dakali sun riga sun yanke: "Hajiya, wannan ai iska ce, a nemo hayaƙi."

To, jama'a, kowa ya yi wa kansa cakulkuli mu gani. Ba mai ƙyalƙyalewa. Dalili kuwa, kafin hannunka ya motsa, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya ta riga ta yi kintacen abin da fata za ta ji, sai ta rage masa kaifi, tunda aikinka ne. Sarah-Jayne Blakemore da abokan aikinta a Landan sun nuna haka a 1998. Daga baya da suka sa na'ura tsakanin hannu da fata, ta ɗan jinkirta taɓawar, sai mutane suka fara jin cakulkulin kansu kamar na wani. Wato kullum ƙwaƙwalwa na cikin lissafi: ga abin da na yi, ga abin da ya biyo baya, shin nawa ne?

A lissafin nan ake ganin bambanci. A 2009, masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun ba yara masu galahanga da marasa ita wani mariƙi suna turawa, suna kallon sakamakon a allon kwamfuta, na'urar kuma tana karkatar musu da hannu gefe. Duk yaran sun koyi gyarawa. Amma masu galahanga sun fi dogara da abin da gaɓoɓinsu suka ji a kan abin da idonsu ya gani, kuma waɗanda dogaron nasu ya fi yawa su suka fi shan wuyar kwaikwayo. Kun ji fa. Mu muna ta "kalle ni, kalle ni" har murya ta dushe, alhali shi yaron ta hannu karatun ke shigarsa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, masanan ma har yau suna ta muhawara a kai, amma wannan kam ta taɓa mu.

Abin dariyar ma, dabarar tana hannunmu tun tuni. Malamin allo ba ya tsayawa nesa ya ce wa ƙolo kalle ni. Yakan kama hannunsa da alƙalamin su ja baƙin tare. Kakanni ma haka suke koya wa jika loma, hannu cikin hannu. Mu ne 'yan tsakiya muka zama malaman nuni da yatsa daga kan tabarma.

Sai dai kafin wani ya tashi da zumuɗi ya cafki hannun ɗan mutane: da yawan masu galahanga taɓawar bazata tana firgita su ƙwarai. Ka faɗa masa tukuna, ka miƙa naka hannun, in ya janye ka bar shi sai an jima. Masu hayaƙi kuma don Allah ku rage garwashi, yaron nan ƙauri ma damunsa yake.