Masu Cewa Wasan Salula Ya Kashe Fada, Ku Matso Kusa

Ranku ya daɗe, dattawan Arlit da Akokan. Barkanku da hutawa, mushen lakwal. Inna, ina wuni. Na san kun riga kun yanke hukunci tun kafin ku kai layi na biyu: wasan salula shashanci ne, ya kashe fada, ya raba yaro da littafi, ya mai da samari kurame. To a sake ɗora shayi, yau da ku nake. Wanda ya ji haushi shi zai biya kuɗin sukari.

Da kai zan fara, Baba, tsohon ma'aikacin ramin COMINAK. Kai ka fi kowa ɗaga murya cewa yaran yanzu sun duƙufa kan gilashi, ko sallama ba sa amsawa. Ban musa ba. Amma wane ne yake shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ku huɗu, karta 32 a tsakaninku, ana belot har ladan ya kira magariba? Wa ake aika wa yaro cewa tuwo ya huce, ya ce a dakata ya ƙare wannan zagayen? Ranar da aka yi muku kapo, wa ya tashi yana kakkaɓe riga, yana rantsuwa ba zai ƙara haɗa hannu da abokinsa ba, washegari kuma ya riga kowa zuwa? Laifi tudu ne, Baba. Kafin belot ma akwai dara: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, manya masu furfura suna jayayya kan tsakuwa da ƙirare har rana ta faɗi. Ba a taɓa yin zamanin da maza suka taru a inuwa suka zauna haka kawai suna kallon juna ba.

Ka leƙa ma ka ga abin da ke cikin salular jikanka. Sau da yawa lido ne, wannan dai lido da ka sani, mai gida huɗu: ja, kore, shuɗi da rawaya. Asalinsa wasan Indiyawa ne da ake kira Pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi suka yi masa rajista a 1896, ya zagayo duniya har ya iso ƙofar gidanka a kan kwali. A 2016 wani kamfanin Indiya mai suna Gametion ya sa shi a salula da sunan Ludo King. Dokar ba ta sake ba: sai ka jefa shida ka fito, wanda ya tarar da kai ya kore ka gida. Abin da ya sake guda ne. Yaro yana buɗe ɗaki a cikin wasan, a ba shi lamba, ya aika wa abokansa uku ta WhatsApp, kowa ya shigo daga inda yake. Kuma babu mai ɓoye ƙwayar jifa a tafin hannu, abin da na ji ana cewa wasu dattawa sun ƙware a kai.

Yanzu ga tambayar da ba ku yi ba: da wa yaron nan yake wasa? Kun san amsar, don a gabanku aka yi. COMINAK ta fara fitar da yuraniyom a 1978, aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikata kimanin 600 suka ajiye hular kwano, ban da 'yan kwangila da masu kanti da masu tuwo da ke ci daga albashinsu. Gidaje suka kwashe kaya. Tun 2014 kuma zinariyar Jado da Cibarakaten take jan samari. Fadar da a da take cika da mutum goma, yau ɗaya yana jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ɗaya ya bi iyayensa Tawa, ɗaya ya ƙetare Asamaka yana leburanci a Tamanrasat, ɗaya yana Damagaram. Kun ce zumunta a ƙafa take. Na yarda. To wace ƙafa? Daga Arlit zuwa Agadas kaɗai kilomita wajen 240 ne, zuwa Tawa kuma sama da 600, kuma duk wanda ya bi hanyar yuraniyom a shekarun nan ya san yadda ƙugunsa ya yi da ya sauka. Yaron da kuke cewa ya kurmance, da abokan ƙuruciyarsa yake hira. Suna jefa lido, suna zagin juna zagin wasa, a tsakani ana tambayar jikin tsohuwa, ana faɗin wanda ya yi aure da wanda ya samu takarda. Rufe rami da neman abinci ne suka watsa fada. Salula ta tarar da ita a watse ne, ta ɗan tattaro ta.

Na hango ka kana murmushi, ɗan Yamai. Kai naka shakkun daban ne. Cewa kake: "Wai a Arlit ma ana wasa ta intanet? Da wane rezo? Da wane kuran?" Sannu, ɗan birni. Garin da kake rainawa, lokacin da kasuwar yuraniyom ke ci, Paris ta biyu ake ce masa, har Idrissou Mora-Kpai ya yi fim da wannan suna. SOMAÏR ta fara haƙa a 1971, aka yi sama da shekara 50 ana kunna fitilun Faransa da yuraniyom ɗinmu. Kuran kuwa, ka taɓa jin Anu Araren? Can kusa da Cirozerin, aka kafa SONICHAR a 1975, tashar ta fara ba da wuta a 1981, da gawayin da ake haƙowa nan take. Ita ke ciyar da ma'adinai da Arlit da Akokan da Agadas. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke muku wuta bayan juyin mulki, kuna fifita da kwali a Yamai, mu namu layin bai taɓa bi ta Birnin Kebbi ba. Ban ce ba a ɗauke mana ba, ana ɗaukewa sosai, musamman in zafi ya tsananta. Amma dai gawayinmu ne ke cika batirinmu. Rezo kuma akwai shi gwargwado, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom duk sunayen da muka sani ne, ga Starlink ma ya shigo ƙasar a 2025. Yana rawa, yana tafiya ya dawo. Wannan rawar tasa ma ta yi wa samari rana, don duk wanda aka lallasa, daga Arlit har Yamai, magana ɗaya ce a bakinsa: "Wallahi rezo ne."

Inna, ke kuma harbe-harben nan ne ya tsaya miki a rai. Bari in faɗa miki abin da kike ji yana ƙara a ɗakin samari. Sunansa Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, ya fito a 2017. Mutum 50 ake saukewa da lema a wani tsibiri, fili yana ta matsewa, wanda ya rage shi ya ci, kuma cikin minti goma ko kusa da haka an gama. Abokai huɗu suna haɗa gwiwa, suna magana da juna kai tsaye, shi ya sa kike jin yaro yana ihu shi kaɗai yana cewa a zo a ɗaga shi. Ba aljanu ba ne, Inna, ɗan maƙwabtanku ne da ke Agadas. Abin da ya sa ya karɓu a wajenmu shi ne ba ya son babbar salula, ƙaramar Itel ko Tecno ma tana ɗaukarsa. Takwaransa PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018 da mutum 100 a fili, ya fi shi cin wuri da cin forfe.

A nan kam na sassauta zolaya. Uwar da ta ga tawayen shekarun 1990 da na 2007, ta ji ƙarar bam ɗin ranar 23 ga Mayu 2013 a SOMAÏR, in ta ce ba ta son jin ƙarar bindiga a ɗakinta ko ta wasa ce, ba wanda ya isa ya yi mata dariya. Kuma ba don ƙananan yara aka yi waɗannan wasanni ba. Sai dai ki sani ba su kaɗai ne a kasuwa ba. Akwai eFootball na Konami, inda 'yan Barsa da 'yan Madrid ke kashe rigimarsu da yatsa maimakon maƙogwaro, ko da yake Real Madrid ba ta fitowa da sunanta na gaskiya a ciki, abin da 'yan Barsa ba sa gajiya da tunatarwa. Akwai 8 Ball Pool. Akwai Among Us, inda ake ɓoye maci amana a cikin jama'a, sauran su yi ta muhawara har su gano shi. Wannan kam na tabbata da kin shiga, ke za ki cinye, don ba yaron da ya taɓa yi miki ƙarya ya tsira.

Mushe, na ga ka ɗaga alli. Ka ce sakamakon jarrabawa ya lalace, kuma salula ce sila. A wani ɓangare ka yi gaskiya, yaron da ya kai ƙarfe biyu na dare yana gudu a tsibiri ba zai gane lissafin ƙarfe takwas na safe ba. Amma cikin salular nan dai akwai Scrabble na Faransanci, wanda kai kanka kake tinƙaho da shi, akwai Lichess na wasan ces kyauta. Ka taɓa buɗe ɗaki ka gayyaci 'yan ajinka ranar Asabar? Ko tsoro kake kada ɗan aji uku ya ajiye maka kalma mai harafi bakwai a gaban jama'a?

To samari, na ga haƙoranku a waje, kuna cewa yau an rama muku. Ku rufe baki, yanzu na zo kanku. Wasan kyauta ne, in ji ku. To ina jikka biyun da aka ba ka ka sayo shinkafa ta shiga? Rabi forfe, rabi lu'ulu'un Free Fire, don ɗan tsanarka ya sa sabuwar riga alhali taka ta yage a hammata. Haka kamfanonin nan suke cin riba: shiga kyauta, ado da kuɗi. Wanda kuma ya turo maka saƙo cewa ka ba shi lambar sirrinka zai zuba maka lu'ulu'u kyauta, ɓarawo ne, asusunka yake so. Da zarar an ce kowa ya ajiye ɗari biyar wanda ya ci ya kwashe, an bar wasa an shiga caca, ko da lido ne, kuma kun san hukuncinta ba sai na kira liman ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasannin nan cikin jerin cututtuka a 2019, aka fara aiki da jerin a 2022. Alamominta uku ne: ka kasa tsayar da kanka, ka fifita wasa kan sauran al'amuran rayuwarka, ka ci gaba duk da kana ganin ɓarnar da yake yi maka, abin kuma ya ɗauki kamar shekara. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke kamawa. Kowa dai ya duba kansa, ya tabbata ba ya cikin kaɗan ɗin.

Akwai kuma rashin kunyar da ba ni da bakin kare ta. Babba ya yi sallama, ka amsa da ka ba tare da ka ɗago ba. An kira salla, ka ce saura mutum uku a tsibiri. An miƙo maka kofin shayi na farko, mai haɗawa yana tsaye da hannu a miƙe. Abokin da ke Tamanrasat yana da haƙƙi a kanka, amma wanda ke zaune kusa da kai a tabarma ya riga shi.

Ga hukuncina, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa fada ta gaba. Samari, ku yi wasanku da waɗanda kuka sani, ba kuɗi a tsakani, a kife salula in an kira salla ko babba ya shigo, a kashe ta in dare ya raba. Dattawa, ku daina yanke hukunci daga nesa. Baba, yau da daddare ka ce jikanka ya buɗe ɗakin lido, ya aika wa ɗanka na Tawa da 'yarka ta Yamai lamba, ka zaɓi ja. Ka yi zagaye uku tukuna, sannan ka zo mu yi maganar wanda ya kamata a ƙwace wa salula.