Gyaran Kwamfuta Ta Hannun Direban Zariya

A ƙungiyarmu ta manoma da ke Sabuwa, ni ne wanda ya iya kwamfuta. Ba wanda ya gwada ni kafin a ɗora mini wannan nauyi. An dai ga ina da laftof, an kuma san na taɓa buga katin ɗaurin aure har da hoton fure a gefe, shi ke nan magana ta ƙare. Ni kuwa ban ga dalilin ƙaryata jama'a ba.

Ni ne kuma sakataren ƙungiyar, aikin sakatare a wajenmu kuwa lissafin taki ne. Da damina a raba buhuna bashi, da kaka a biya da masara ko da kuɗi. Tsakanin nan sai rigima: wane ya rantse buhu uku ya karɓa, littafi ya ce huɗu, shafin da zai raba gardamar kuma ruwan rufin ofis ya riga ya sha tawadarsa. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ya zo Babbar Sallah ta 2021, ya ga littafin nan, ya riƙe baki. Ya ce, "Kawu, a wannan zamanin? Ai wannan aikin minti biyar ne." Ya zauna ya sa mini Python, ya ƙara da wata manhaja wai ita VS Code, wadda ya ce kamfanin Microsoft ya fitar tun 2015 kuma ita masu rubuta manhaja ke yayi. Ya koma makaranta a Samarun Zariya. Farkon Satumba ya turo mini aikin ta WhatsApp, a ƙunshe cikin zif. Na sauke, na kwashe zuwa laftof, na ce sai na natsu.

Kafin in natsu aka yanke sabis.

A watan nan ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume, har Funtuwa, duk suna ciki. Abin da ya kawo matakin ba na dariya ba ne, kowa a yankin nan yana da labarinsa, kuma ba shi na zo bayarwa ba. Abin da ya shafi zancena shi ne, gari ya koma zamanin wasiƙa. Mai ɗa a birni ya rubuta takarda ya kai tasha. Direbobi suka wayi gari su ne gidan waya.

Ranar da na buɗe aikin, zif ɗin ya buɗe lafiya lau, ga fayiloli a jere ina kallonsu. Na danna babban, VS Code ta fito da rubutu kala-kala, gwanin sha'awa. Na danna ɗan kusurwa ukun nan na sama da yaron ya nuna mini. Sai ƙasan allo ya amayo Turanci. Na karanta, na sake karantawa, na fahimci dai ana neman wani abu mai suna lissafi an rasa. To ga lissafin can kuwa a cikin zif, kusa da ɗan'uwansa, ina ganinsa da idona. Na juya laftof ɗin wajen haske ko ita ma za ta gani.

Na ɗauko takarda da biro. Bayan gaisuwa da tambayar karatu da sanar da shi cewa mahaifiyarsa na lafiya, na shiga kwafe Turancin nan harafi-harafi. Layukan sama dogaye ne, cike da sanduna masu jirge da lambobi, na ba su haƙƙinsu har takarda ta cika. Layin ƙarshe guntu ne, na ga ba shi da wani kwarjini, na bar shi. Na kai wa direban da ke zuwa Zariya, na haɗa masa da na goro.

Amsar da ta dawo gajeriya ce. "Kawu, ka aiko mini da gaisuwar, ka riƙe saƙon." Wai ashe ƙorafin Python tamkar wasiƙar Bahaushe yake: duk dogon bayanin nan na sama, ina gajiya ne da ya iyali, abin da ya kawo ta yana can a layin ƙarshe. Sai da direba ya sake komawa da guntun layin nan, ModuleNotFoundError, sannan yaron ya gane inda gizo ke saƙar. Windows tana nuna zif kamar folda ce, alhali ƙulli ne. In ka danna fayil guda a ciki, shi kaɗai take zarowa ta kai wani lungu na wucin gadi, sauran na nan ɗaure. Shi kuma da ya waiga neman ɗan'uwansa a lungun, babu kowa. Magani: a danna zif da maɓallin dama, a warware shi duka, sannan a VS Code a buɗe foldar gaba ɗaya, ba fayil guda ba. Har ya ja layi biyu ƙarƙashin "gaba ɗaya", abin da a zamaninmu ba a yi wa kawu.

Na warware. Ƙorafin farko ya tafi, wani ya maye gurbinsa.

Kada in manta da zancen wuta, don ita ce ta mayar da kowane gwaji abin tattali. Batirin laftof ɗina ya tsufa, ba ya kai tsawon huɗubar Juma'a. A lokacin an hana sayar da fetur a jarka, saboda haka janaretan maƙwabcina ya zama kayan ado. Wani mai shagon magani ne ke da sola, shi nake kai wa ya ɗan sa mini, in zauna a benci kamar mai jiran allura. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye ni jiki.

Sabon ƙorafin cewa yake ba a ga manoma.csv ba. Nan fa raina ya ɓaci da gaske, domin wannan fayil ni na haife shi. Dare na raba ina shigar da sunayen mambobi a Excel, da buhunan kowa, da garin da aka sayo takin, na kuma sa masa sunan da aka ce, manoma.csv, na ajiye shi a foldar. Na rubuta wa yaron cewa ko dai manhajarsa makauniya ce, ko kuma tana da wata a ƙasa game da ni.

Ya amsa da tambaya: alamar fayil ɗin wace iri ce, kuma da na zo ajiyewa me na zaɓa a akwatin ƙasa? Wane akwatin ƙasa? Ashe rubuta suna bai isa ba. Excel ta karɓi sunan da na ba ta, ta yi shiru, ta liƙa nata wutsiyar a baya, fayil ya zama manoma.csv.xlsx. Ita kuma Windows, bisa al'adarta, tana ɓoye wutsiyar ƙarshe don kada ta dame mu. Ni ina ganin suna ɗaya, Python na ganin wani. Har yau ina son in haɗu da wanda ya yanke shawarar cewa ɓoye wa mutum rabin sunan kayansa taimako ne. Ba faɗa zan yi da shi ba, tambaya ce kawai.

A wasiƙar ya ce in sake ajiyewa, in zaɓi CSV UTF-8, ya kuma rubuto mini wasu layuka uku da zan gwada a wani ɗan fayil dabam, in ga ko ana karanta sunayen. Bai faɗi sunan da zan ba ɗan fayil ɗin ba. Ni mutum ne mai tsari. Abin da zai karanta csv, wane suna ya fi dacewa da shi? Na sa masa csv.py.

Daga nan komai ya tsaya, har abin da ke aiki jiya. Python tana da nata kayan aiki mai wannan suna, da shi take karanta irin fayilolin nan. In aka ce ta kira shi, foldar aikin take fara dubawa kafin ta leƙa rumbunta. Ta kira csv, takwaransa nawa ya amsa, aka tambaye shi abin da bai taɓa ji ba. Wannan karon ma ban samu amsa a rubuce ba. Direban ne ya leƙo ta taga a tasha, gaban masu shayi da 'yan kamasho, ya ɗaga murya: "Malam Sakatare! Yaronka ya ce ka canza wa abin suna, wai ka yi masa kishiya!" Ya ƙara da nasa, "Kuma ka tabbata ka warware zif ɗin ko?" Mutumin da ko imel ba shi da shi. Na ce masa ya kula da taya, ta baya ta yi sanyi.

Na canza suna. Na danna kusurwa ukun. Sunaye suka zubo, lambobi suka jeru, jimilla ta fito a ƙasa. Ban tsaya karantawa ba, batir na kuka, na rufe na tafi gidan shugaban ƙungiya na ce a kira taro.

Aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar. Na ɗora laftof a kan kujera, dattawa suka matso, matasa suka tsaya a baya. Na yi ɗan jawabi kan ci gaban zamani, na ambaci cewa wani Baturen Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fito da Python a 1991, don a san ba da ka nake magana ba. Na danna.

Alhaji shugaba ya gyara tabarau ya sunkuya. Ya daɗe yana duban kan jadawalin. Inda na rubuta Kuɗi, abin da ke allo shi ne KuÉ—i.

"Sakatare, wa ya ja wa kuɗinmu layi a tsakiya?"

"Ranka ya daɗe, ba layi ba ne, ado ne na manhaja."

"An soke su ke nan?"

Kafin in amsa wani matashi ya hango Ɗandume ta koma ÆŠandume. Ƙanƙara kuwa ta fi kowa shan wahala, ta zama Æ˜anÆ™ara, har da 'yar alamar nan ta kamfani da ake gani a jikin kwalin magani. Wani dattijo da 'yarsa ke aure can ya tambaya ko sayar da garin aka yi ba a sanar ba. Duk mamban da ke da ƙugiya a sunansa ya taso ya ga yadda aka yi da shi, waɗanda ba su da ita suka koma gefe suna dariya. Mutum ɗaya, wanda kowa ya san buhu huɗu ke kansa, ya ce shi wannan sunan ba nasa ba ne, saboda haka bashin ma ba nasa ba ne, a nemi mai shi.

A daren na rubuta wasiƙa mafi daɗi a rayuwata, don ko ni na san wannan karon ba daga wajena ba ne. Yaron ya amsa da ladabi, har da "Allah ya huci zuciyar Kawu". Bayaninsa shi ne, a tsarin UTF-8 kowane harafi mai ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, gurbi biyu yake ci. Shi kuma bai gaya wa Python da wane tsari za ta karanta ba, sai ta bi tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, wanda bai san da zamanmu ba, ta ɗauki kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa. Da ya gwada aikin a Samaru, da sunayen da ya buga ba ƙugiya ya gwada, yadda suke rubutu a waya. Gyaran bai kai rabin layi ba: a cikin bakan da ke buɗe fayil a ƙara encoding="utf-8-sig". Na ƙara. Ƙanƙara ta dawo hannun mutanenta. Sai dai kafin nan masara ta shigo, kuma Alhaji ya riga ya yanke hukunci cewa lissafin bana a littafi za a yi shi, da biro, inda in an soke abu an san wanda ya soke.

A watan Disamba aka maido da sabis. Wayata ta yi ta ƙara kamar za ta fashe, saƙonnin wata uku na shigowa a guje. A cikinsu akwai muryar yaron, wadda ya turo tun a Satumba, washegarin yankewar. Na kunna. "Kawu, ina wuni. Na manta ban faɗa maka ba, kafin ka taɓa komai ka fara warware zif ɗin, ka buɗe foldar gaba ɗaya. Wajen ajiye Excel kuma ka duba akwatin ƙasa. Sannan don Allah kada ka sa wa wani fayil suna csv."

Na danna na amsa masa da murya, na ce saƙo ya iso, kuma direba ya ce akwai cikon kuɗin wasiƙa biyu, a wajensa zai karɓa.